Tarihin Bututun da Ake Auna Riɗinmu da Wakenmu a Cikinsa

Duk wanda ya shiga ƙasar Kaugama da kaka, lokacin da aka yanke riɗi aka jingina dammunansa a tsaye cikin gonaki don su sha rana, har kwanson ya tsage, a zo a kifa su bisa tamfol a kakkaɓe, zai ga irin baiwar da Allah ya yi wa wannan yanki na masarautar Haɗejiya. In kuwa ya bi buhunan nan da ido, daga hannun manomi zuwa hannun ɗan awo, daga nan zuwa dillalan Malam Madori ko na kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, zuwa manyan ɗakunan ajiya na Dawanau a Kano, zuwa bakin teku a Ikko, zai tarar tafiyarsu ba ta ƙarewa sai Japan, ko Sin, ko Turkiyya. A can kuwa, kafin a yarda kayan su shiga kasuwa, sai an ɗebi kaɗan an niƙa, an jiƙa da wani ruwa, an tace, an ɗauki abin da bai kai ɗigo guda ba an tura shi cikin wani ɗan bututun ƙarfe wanda tsawonsa bai wuce na ɗan yatsa ba, faɗin raminsa milimita biyu da ɗan kai, an danƙara masa wani farin gari wanda ya fi duk garin da aka taɓa tankaɗewa laushi. Abin da ya fito ta ɗaya bakin cikin 'yan mintoci, shi ne ke sa a karɓi kaya ko a mayar da su. Wannan bututu da garin cikinsa suna da tarihi mai tsawo, kuma ya kyautu mutanen da arzikinsu ke ratsawa ta cikinsa su san shi.

Mas'alar raba abin da ya cakuɗe tsohuwa ce a wurin ma'abota ilmi. Malaman kimiyya na Musulunci, irin su Jabir ɗan Hayyan da Abubakar ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925 Miladiyya, sun yi bayanin tacewa, da narkarwa, da dafa abu a tare tururinsa ya koma ruwa, har ar-Razi ya jera kayan aikin da ake bukata ɗaya bayan ɗaya cikin littafinsa Sirrul Asrar. Da waɗannan hanyoyi duniya ta yi aiki kusan shekara dubu. Sai dai suna da iyaka, domin abubuwa biyu in sun yi kama ƙwarai a jauharinsu, ko in ɗayan wuta na lalata shi, ko in kaɗan ne ainun a cikin mai yawa, to, babu tukunyar da za ta raba su.

Wanda Allah ya buɗe wa ƙofar fita daga wannan iyaka wani malamin ilmin tsirrai ne ɗan Rasha, Mikha'il Tsvet, wanda aka haifa a Italiya cikin 1872, yana aiki a birnin Warso. Abin da ya dame shi koren ganye ne: launi guda ne, ko launuka ne suka taru? Sai ya samo bututun gilashi ya cika shi da garin alli, bayan ya jarraba garin abubuwa fiye da ɗari har da sukari, ya tatso ruwan ganye da wani mai marar nauyi, ya zuba a sama, ya yi ta bin sa da man nan mai tsabta. Yana kallo, koren ya fara sauka yana rarrabuwa zobe-zobe, wannan kore mai duhu, wancan kore mai sirkin rawaya, ga waɗansu zobba rawaya, ga wani mai ruwan lemo da ya riga kowa ficewa ta ƙasa. Ya fara ba da labarin wannan aiki a gaban taron masana cikin 1903, sa'an nan ya buga shi dalla-dalla, ya sa masa suna kiromatogirafi, cikin 1906, wato shekarar da sojojin Ingila suka auka wa birnin Haɗejiya, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'arsa.

Sirrin abin mai sauƙi ne in an fahimce shi. A ƙaddara ayari ne ya shigo kasuwa ta ƙofar gabas zai fita ta yamma: baƙon da bai san kowa ba shi zai fara fita, mai abokai kaɗan ya tsaya nan ya tsaya can ya biyo baya, wanda kuwa kowace rumfa sai an riƙe shi da gaisuwa, sai can da la'asar, ga shi sun shigo tare, amma mai zama a ƙofar yamma zai ƙirga su ɗai-ɗai, in ma ya san halinsu, daga lokacin fitar mutum kaɗai zai faɗi ko wane ne. To, haka garin ke riƙe kowane sinadari gwargwadon ɗabi'arsa, ruwan da ke gudana kuma yana jansa gaba.

Manyan masana na zamaninsa ba su karɓi aikin Tsvet ba, cikinsu har da Richard Willstätter na Jamus, wanda a lokacin maganarsa ce hujja a kan koren ganye. Ga shi babban littafinsa na 1910 da Rashanci ya rubuta, 'yan kaɗan ke karantawa. Yaƙin Duniya na Farko kuma ya raba shi da Warso, ya rasu a Voronezh cikin 1919 yana da shekara arba'in da bakwai. Sai a 1931 Richard Kuhn da Edgar Lederer suka tono hanyar a Heidelberg, suka raba launukan karas da na gwaiduwar ƙwai da ita, daga nan ta bazu.

Amma maganar da ta haifi bututun yau a Ingila aka yi ta, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, a wata cibiyar binciken ulu da ke birnin Lids. Waɗansu samari biyu, Archer Martin da Richard Synge, suna son sanin tubalan da suka haɗu suka yi gashin tunkiya, sai suka shayar da garin silika ruwa, silika kuwa ita ce jauharin yashi, suka cika bututu da shi, suka gudanar da wani ruwa dabam wanda ba ya gauraya da na farko, ya zama kowane sinadari yana kai da komo tsakanin ruwan da ke tsaye da ruwan da ke tafe. A cikin maƙalar da suka buga cikin 1941 sun kawo ma'aunin da har gobe da shi ake auna nagartar bututu, wato a ɗauke shi tamkar matakai ne a jere, a kowane mataki ana sake raba kayan, iyakar yawan matakai iyakar kyan rabuwa. Kuma a wurin suka faɗi, a taƙaice ƙwarai, cewa hanyar samun matakai masu yawa a gajeren bututu ita ce a ƙanƙanta ƙwayoyin garin matuƙa, a kuma tura ruwan da matsi mai ƙarfi. An ba su lambar Nobel cikin 1952. Wannan isharar tasu kuwa ta kwanta kusan shekara ashirin da biyar ba wanda ya iya aiki da ita, saboda babu garin, babu famfon, babu kuma na'urar da za ta ga abin da ke fitowa.

A tsakanin nan sai Martin da A. T. James suka musanya ruwa da iska cikin 1952, wannan reshe ya yi gaba da gudu, kamfanonin man fetur suka rungume shi. Reshen ruwa ya zauna yana ɗiga da nauyin kansa. Na'urar da Stanford Moore da William Stein suka ƙera a Amurka cikin 1958, wadda aka yi ta yabo, sai ta ci kusan yini da kwana kafin ta gama samfuri guda. Alhali mafi yawan abubuwan da ke cikin abinci da magani da jinin ɗan Adam ba sa zama tururi sai sun ƙone, dole sai ta ruwa za a bi da su.

Dalilin wannan nawa, wani masani na kamfanin Shell a Holan, van Deemter, tare da abokan aikinsa biyu, suka warware shi cikin 1956, Calvin Giddings na Jami'ar Utah kuma ya zurfafa bahasin a littafinsa na 1965. Suka nuna illoli uku ne ke sa zoben sinadari ya baje har ya shiga na maƙwabcinsa. Ta farko, hanyoyin da ke tsakanin ƙwayoyin gari ba tsawonsu ɗaya ba, wani ya bi gajeriya wani ya bi doguwa. Ta biyu, in ruwan na tafiya a hankali ƙwarai, sinadarin kan watsu gaba da baya da kansa. Ta uku ita ce babba: kowace ƙwayar gari tana da ƙofofi da lunguna a cikinta, sinadari sai ya kutsa ciki ya fito, in kuwa ruwan na sauri, kafin na ciki ya fito an bar shi a baya. A cikin ruwa wannan kutsawa ta fi ta cikin iska nawa sau dubu goma ko fiye, kuma lokacin da take ci yana bin nisan ne riɓi a kan riɓi, wato in an rage girman ƙwaya da rabi, lokacin ya koma rubu'i. Ashe ke nan maganin illa ta farko da ta uku guda ne, shi ne ƙanƙanta ƙwaya. Kuma in ta ƙanƙanta sosai, ana iya sakar wa ruwan gudu ba tare da rabuwar ta lalace ba.

Kafin mu ga yadda aka cim ma wannan, sai mu komo gida, domin a daidai wannan zamani ne ilmin ya fara taɓa aljihunmu. Tun da dogo ya iso Kano cikin 1911 gyaɗa ta zama arzikin Arewa, da aka miƙa shi kuma zuwa Nguru wajen 1930, ya ratsa ta Malam Madori, sai ƙasar Haɗejiya ta shiga sahu, kamfanoni suka kafa kantuna da sikeli a bakin tasha, jakuna da raƙuma suna kawo gyaɗa daga ƙauyuka, ana tara ta dala-dala a Kano. Cikin 1960, shekarar da muka sami mulkin kai, talotalo fiye da dubu ɗari suka mutu a gonakin Ingila ba a san dalili ba. Da aka bi sawu sai aka tarar duk sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil, a shekara mai zuwa kuma aka gano wata funfuna ce, Aspergillus flavus, ke haifar da guba a cikinta, daga baya aka sa wa gubar suna afulatoksin. Da kiromatogirafi aka kama ta: aka shafa garin silika a kan faifan gilashi, aka ɗiga ruwan gyaɗar a gefe, aka bar ruwan narkarwa ya hau, da aka haska wata fitila ta musamman cikin duhu sai ga ɗigo huɗu suna ƙyalli, biyu shuɗi biyu kore, kuma har yau da harufan farko na sunayen waɗannan launuka a Turanci ake kiransu, B1 da B2, G1 da G2. Bayan haka aka tabbatar tana cikin mafi ƙarfin abubuwan da ke jawo sankarar hanta.

Nijeriya a lokacin tana kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, saboda haka hankali ya tashi. Masu bincike a Samaru ta Zariya, cikinsu D. McDonald da C. Harkness, suka shafe shekaru suna bin gyaɗa tun daga kunya har rumbu, suka nuna cewa gyaɗar da aka cire kan kari da lafiyayyen kwanso galibi tsabtatacciya ce, ɓarnar tana shigowa ne ta kwanson da gara ko fartanya ta huda, da wadda aka bari ta wuce lokaci a ƙasa, da wadda aka tara da danshi ba ta bushe da wuri ba. Ni a ganina wannan aiki na Samaru abin tunawa ne da alfahari, domin an yi gwajin kusa da gona, amsar kuma ta komo wa manomi a matsayin shawarar da zai iya bi. Fari na 1973 da cutar da ta auka wa gyaɗa cikin 1975 su suka rushe dalar Kano, amma tun daga wancan lokaci ƙasashen da ke sayen amfanin gonarmu ba su sake yarda da gani da ido da taunawa da haƙori ba.

To, me ya hana a ƙanƙanta ƙwayar tun da wuri? Amsar tana wurin kowane mai noman rani a fadamar Haɗejiya. Ya san ruwa in an zuba a jigawa nan take ya shige, in an sake shi a laka sai ya kwana, abin da ya sa shinkafa ke son fadama; ya kuma san mai haƙa rijiyar tiyo ba ya murna sai ya huda laka ya taɓo yashi. Wannan ƙa'idar ce wani injiniya ɗan Faransa, Henry Darcy, ya rubuta da lissafi cikin 1856 yana aikin ruwan sha na birnin Dijon, kuma ita ce ke mulkin bututun nan ba ragi ba ƙari: in an rage ƙwaya da rabi, sai an riɓanya matsi sau huɗu kafin ruwa ya yi gudun da yake yi a da. Ga kuma wahalar samar da ƙwayoyin da duk girmansu ɗaya, da wahalar cusa su cikin bututu ba tare da sun dunƙule ko sun bar kogo ba.

Csaba Horváth, ɗan ƙasar Hangari da ya koma Jami'ar Yale a Amurka, ya kauce wa matsalar da dabara wajen 1965: ya ɗauki ƙwallayen gilashi masu ɗan girma, marasa ƙofa, ya lulluɓe su da siririyar fata mai riƙe sinadari, ruwa ya sami hanya, sinadari kuma ba shi da nisan kutsawa. Jack Kirkland na kamfanin DuPont ya fito da irin wannan a kasuwa cikin 1969 da sunan Zipax, girman ƙwayarsa wajen maikiron talatin. Maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, silin gashin kai yakan kai saba'in. Aibinsu shi ne fatar ba ta ɗaukar kaya da yawa. Da shigowar shekarun 1970 aka koyi dama garin da ruwa kamar kunu a harba shi cikin bututu da ƙarfi, sai ƙwaya ta faɗo zuwa maikiron goma. Kamfanin Waters ya fito da famfo mai matsin bar 400, alhali tayar mota ba ta wuce bar biyu da ɗan kai ba, cikin 1973 kuma ya fito da garin da aka ɗaura wa sarƙoƙin kabon goma sha takwas a jikinsa, ya zama tamkar an shafe kowane lungu da maiƙo wanda ba ya wankuwa. Wannan nau'i, C18, shi ne har yanzu ya fi kowane yawa a ɗakunan gwaji na duniya. Sunan hanyar ya ɗaukaka sa'ad da Robert Woodward na Harvard ya dogara da ita wajen tsarkake kayansa a aikin haɗa bitamin B12, wanda aka kammala cikin 1972. Girman ƙwaya kuwa, daga maikiron goma aka sauko biyar, aka daina garin da aka farfasa aka koma mulmulalle, a shekarun 1980 aka taɓa uku.

Nan aka tsaya wajen shekara ashirin, domin duk famfunan duniya a bar 400 suka yi iyaka, kamfanonin magunguna kuma sun riga sun rubuta hanyoyin gwajinsu a kan maikiron biyar, ba mai son taɓawa. Wanda ya fasa wannan shinge James Jorgenson ne na Jami'ar North Carolina da almajiransa, waɗanda cikin 1997 suka cika wani bututun gilashi siriri, raminsa bai kai kaurin gashi ba, da ƙwayoyi masu maikiron ɗaya da rabi, suka tura ruwa da matsin da ya kai wajen bar 4,000, suka sami matakai fiye da dubu ɗari biyu. Da aka ga abin mai yiwuwa ne sai 'yan kasuwa suka biyo: Agilent ya fito da maikiron 1.8 cikin 2003, Waters kuma cikin 2004 ya fito da na'urar Acquity da garin maikiron 1.7, mai jure bar 1,000, wato kusan nauyin ruwan da ke kan wuri mafi zurfi a ƙarƙashin teku. Shekara sittin da uku ke nan bayan isharar Martin da Synge.

Ribar da tsadar duka a lissafi suke. Bututu mai santimita biyar cike da maikiron 1.7 yana ba da matakai daidai da mai santimita goma sha biyar cike da maikiron biyar. Tsawo ya koma sulusi, gudun ruwa kuma ya riɓanya uku, saboda haka aikin rabin sa'a ya koma minti uku ko huɗu. Matsin kuwa ya riɓanya tara, in ma an bar tsawon yadda yake, ashirin da bakwai. Bayan wannan, gogayyar ruwa da gari tana haifar da zafi a tsakiyar bututu fiye da gefensa, ruwan tsakiya ya riga na gefe, rabuwa ta ɓaci, dalilin da ya sa aka matse ramin daga milimita 4.6 zuwa 2.1 don zafin ya fita. Wannan matsewa ta zo da alheri biyu: ruwan narkarwa da ake ƙonawa ya ragu ƙwarai, abin da aka ga amfaninsa cikin 2008 da 2009 sa'ad da asetonaitiril, ɗaya daga irin wannan ruwa, ya yi ƙamfa a duniya farashinsa ya tashi, sa'an nan ɗan ruwan da ke fitowa ya dace da na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari, wadda in an haɗa ta da bututun za a nemi magungunan ƙwari ɗaruruwa a ɗigo guda cikin rubu'in sa'a.

Akwai wani babi da na fi so a duk tarihin nan. Kirkland, bayan ya haura shekara tamanin, ya komo kan dabararsa ta 1969, ya fito cikin 2006 da ƙwaya mai suna Halo: cikinta dunƙulen silika ne marar ƙofa mai maikiron 1.7, an zagaye shi da ɓawo mai ƙofofi mai kaurin rabin maikiron, jimla 2.7. Rabuwar da take bayarwa ta yi kusa da ta ƙananan nan, matsin da take nema kuwa wajen rabi ne, ma'ana tsohuwar na'ura mai bar 400 za ta iya ɗaukarta. Sauran kamfanoni suka bi, ya rasu cikin 2016 ya bar ta ta zama ruwan dare.

Yanzu sai a duba abin da saurin nan da kaifin nan suka jawo mana. Da gwaji ya yi arha a lokaci, sai masu saye suka yawaita shi, suka kuma matse haddi. Japan ta kafa doka cikin 2006 cewa duk maganin ƙwarin da ba a yanka masa haddi na musamman ba, kada ya wuce miligiram 0.01 a kilo. Tarayyar Turai ta sa haddin afulatoksin a gyaɗar ci maikirogiram huɗu a kilo. Miligiram 0.01 a kilo, in an faɗaɗa shi, giram ɗaya ne a cikin buhu dubu masu kilo ɗari-ɗari. Cikin Yuni 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Nijeriya, bayan an kama kaya fiye da sau hamsin tun daga farkon 2013 ɗauke da dikulobos, wato maganin nan da muke kira fiya-fiya, a waɗansu har miligiram 4.6 a kilo, riɓi ɗari huɗu da sittin na haddin miligiram 0.01. Cikin 2016 kuma aka ƙara wa hanin shekara uku. Kowa ya san yadda abin ke faruwa: mai ajiya yana tsoron ƙwari su mai da masa wake gari kafin bazara, sai ya yayyafa maganin a kan tsabar ya ɗinke buhu, alhali ga buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwarin da rashin iska kawai, ana samunsa a kasuwanninmu.

Abin da ke ci mini rai a nan ya wuce hasarar kasuwa. Waken da Turai ta ƙi, irinsa ne ake dafawa a gidajenmu da makarantun kwana. Gyaɗar da aka tsince aka ware saboda ta yi baƙi, sau da yawa ita ce ke komawa ƙuliƙuli da mai, yara su ci. Shari'a ta hana algus a ciniki, magabata kuma sun naɗa muhtasibi don ya duba mudu da sikeli da abin da aka ɓoye a ƙasan kwando, amma wannan algus ne wanda shi kansa mai yinsa sau da yawa bai san ya yi ba, kuma ba muhtasibin da zai gan shi sai da na'ura. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa cikin 1993, tana da ɗakunan gwaji a Ikko da Kaduna da waɗansu wurare, amma tsakanin rumbun manomin Kaugama da ɗakin gwajin da ke Kaduna akwai tafiya da kuɗi da jira waɗanda ba ɗan awon da zai ɗauka.

Sayen na'ura kuwa shi ne mafi sauƙin al'amarin. Bututun ƙananan ƙwayoyi ba ya haƙuri da ƙazanta: matatar bakinsa ƙofofinta ba su kai maikiron guda ba, ƙurar hunturu kaɗan ko maiƙon riɗi da ba a cire sosai ba ya isa ya toshe shi, riɗi kuwa kusan rabinsa mai ne. Yana bukatar ruwan da aka tsarkake matuƙa, da ruwan narkarwa da ake sayowa da kuɗin waje, da samfurin gubar na asali wanda za a gwada da shi, da lantarkin da ba ya ɗaukewa a tsakiyar aiki, da ɗaki mai sanyi a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri arba'in, da mai gyara wanda ba sai an jira shi daga Ikko ba. Saboda haka ra'ayina shi ne kada mu fara da mafi tsada. Na'ura mai bar 400 ko 600, da bututun ƙwaya mai ɓawo irin ta Kirkland, da ma'aunin ƙyalli, sun isa a auna afulatoksin a gyaɗa da masara da riɗi cikin 'yan mintoci, sun kuma isa, da ƙarin ma'aunin haske, a tantance ko ƙwayar maganin zazzaɓin da ke kanti tana ɗauke da abin da aka rubuta a kwalinta. Babbar na'ura mai auna nauyi, wadda magungunan ƙwari ke bukata, guda ɗaya mai lafiya ta wadaci jiha in an riƙe ta da amana.

Ina kira ga Gwamnatin Jigawa, da Majalisar Masarautar Haɗejiya, da ƙungiyoyin masu fataucin riɗi da wake, su haɗa hannu da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗejiya, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, a tsayar da ɗakin gwaji guda a wannan yanki, mai wutar hasken rana, wanda za a yanka masa kuɗin gudanarwa na kowace shekara tun kafin a sayi na'urar farko, a tura samari da 'yan mata masu karatun kimiyya su koyi aikin da gyaransa, a kuma sa kuɗin gwaji daidai ƙarfin ƙungiyar manoma, sakamako ya fito kafin motar kaya ta tashi. Ku kuma malamai masu wa'azi da limaman Juma'a, ku sa maganar zuba fiya-fiya a cikin abinci a huɗubobinku na kaka, lokacin da ake ɗinke buhuna.